Ungozomar Icce

Shekara talatin da biyu ina karɓar haihuwa a Tawa,
rabin samarin Bilbis ni na yanke musu cibiya.
Ran da na rataye farar riga hannuwana suka ƙi hutu,
ko a barci suna lalube, kamar an kira ni da dare tsaka.

Wata Lahadi, bayan rumfar masu cuku,
na iske Abarshi zaune cikin ɓawon ƙirya,
turmi tsakanin ƙafafunsa, gizago na tashi na sauka.

Na ce, koya mini.
Ya dubi lallen ƙafata, ya dubi furfurata,
ya ce, "Inna, ƙirya ba ta san girma ba,
ta dakushe gatarin da ya fi ki taurin kai.
Ga guntun dashi, shi mai sanyin hali ne,
ga wuƙar da ɗana ya raina, je ki wasa ta,
ki juya bakinta waje duk sa'ad da za ki sassaƙa."

Na fari ɗan kokawa na nufa,
mai faɗin ƙirji, mai laya a damtse.
Ya fito da wuyan zalɓe da tumbin mai saifa.
Jikata Shafa ta yi dariya har ta kife a tabarma,
ta ɗaura masa walkin tsumma,
ta raɗa masa suna Sha-duka.

Na biyu mai ga-ruwa ne, kafaɗa ɗaya ta zarce ɗaya,
shi kam ya yi kama da na gaske.
Na uku jaki, maƙwabta suka ce akuya,
na bar shi akuya. Ban taɓa musu da haihuwa ba,
abin da ya zo shi ake yi wa wanka.

Malam Ɗan Jimma ya leƙo ta kan danga: "Hajiya, gumaka?"
Na ce, wane gunki ne mai kunne guda
da yara ke jan sa da zare cikin laka?

Ashe icce ma naƙuda yake yi.
Ba a ja, ba a gaggawa,
kai ke fara fitowa, kafaɗu su biyo,
a bi jijiya inda ta bi, in an saɓa mata ta tsage.

Sai ran da na kama mace mai goyo.
Kwana tara ina fito da ɗaurin zanenta,
saura kunnen jaririn, ɗan kunne kamar ƙwayar wake,
wuƙa ta zame.
Goyon ya ɓalle, ya gangara ƙarƙashin randa.
Na zauna. Ƙamshin dashi ya koma warin asibiti,
daren da wuta ta ɗauke, tocila a bakina,
wata 'yar Kalfu, Tsahara, tana tambayata da ido,
ni ina ta murza ɗan bayan da ya ƙi kuka.

Shekara ashirin sunanta bai fito daga bakina ba.

Da safe na kai wa Abarshi gutsure biyu a bakin zane.
Bai tambayi jan idona ba.
Ya huda nan, ya huda can da basilla mai zafi,
ya soka ƙayar aduwa, ya ɗiga ƙaro,
ya ce, "Icce sau ɗaya yake mutuwa, Inna,
abin da ya biyo baya duk gyara ne. Riƙe, matsa haka."

Na riƙe har aka kira azahar.

Yanzu su bakwai ne a kan taga, suna kallon hanya.
Tabon na nan a bayanta, siriri kamar silin gashi,
Shafa ta ce mu rufe shi da shuni, na ce a bar shi.
Yatsuna uku sun sha ɗaurin tsumma.
Gobe Lahadi, zan sayo guntun aduwa,
an ce ita ta fi kowa gardama.
Na ga waɗanda suka fi ta. Na wasa wuƙa.